Darasi na 9: Hoton kan yaro kafin a sa masa waya a haƙori

Iyaye, in haƙoran yaronku na sama sun turo waje ko haɓarsa ta shige ciki, likitan haƙori ba zai ɗaura masa waya haka kawai ba, sai ya auna ƙashin fuskar tukuna, don wani sa'in haƙoran lafiyarsu ƙalau, muƙamuƙin ne bai girma daidai ba.

Akwai hoton gefe, wato hoton eksire na kai da ake ɗauka daga gefe. Yaro ya tsaya, a sa masa 'yan sanduna biyu a ramin kunne don kada kai ya motsa, ya haɗe haƙora, a ɗauka. Tun 1931 ake yin sa, likitocin haƙori biyu, Broadbent a Amurka da Hofrath a Jamus, suka fito da shi a shekara ɗaya. Likita zai ɗiga alama a gindin karan hanci, da wani ɗan rami a tsakiyar ƙoƙon kai, da gaban muƙamuƙin sama da na ƙasa, ya ja layi ya auna. In kusurwar da ke tsakanin layin muƙamuƙin sama da na ƙasa ta tsaya wajen digiri 2, to daidai ne. Inda hoton gefe ya gaza shi ne, ƙashin dama yana hawa kan na hagu kamar inuwar mutum biyu da suka jeru a bango, kuma hoton ya ɗan fi kan gaske girma.

Sai CBCT, wani hoton eksire mai nuna ƙoƙon kai ta kowane ɓangare, wanda ya shigo ƙarshen shekarun 1990. Shi injin ne ke zagaya kan yaron, kwamfuta ta harhaɗa, likita ya riƙa juya ƙoƙon kan a allo kamar ƙwarya a hannu, awonsa ba ƙari. Amma fa hasken eksire da ke ratsa jiki ya ninka na hoton gefe sau da yawa, jikin yaro mai girma kuma ya fi na babba jin illarsa, ga tsada, ga shi in yaron ya yi motsi hoton ya ɓaci.

Ni dai a ganina yawancin yara hoton gefe ya ishe su. A bar CBCT sai fiƙa ta maƙale cikin ƙashi ta ƙi fitowa, ko fuska ta karkace, ko an haifi yaro da tsagaggiyar ganɗa.

Aiki: kowa ya rubuta wannan tambayar da zai yi wa likita in ya ce a yi CBCT a littafinsa, ya karanta wa na kusa da shi: "Likita, me wannan hoton zai nuna wanda na gefe bai nuna ba?"