Yadda za ka buɗe gidan talabijin naka a Bauchi ba tare da ya mutu a hannunka ba

Kwanaki ƙanen wani abokina ya same ni a majalisarmu ta wajen Wunti, wai maigidansa ya samu kuɗi yana son buɗe gidan talabijin, har sun fara tambayar farashin kyamarori a Legas. Na ce masa zauna tukuna, domin ni na yi shekara huɗu ina aiki a wani gidan talabijin mai zaman kansa, a gabana ya tashi a gabana kuma aka sa masa kwaɗo, kuma wallahi har yau in na wuce ta wurin ginin sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Abin da na gaya masa shi zan rubuta a nan ko wani zai amfana.

Ka fara da lissafin abin da gidan zai ci duk wata, kyamara ta jira. Sayen kaya sau ɗaya ake yi, amma man gas na janareta kullum ne, albashi duk wata ne, ga haya, ga intanet, ga kuɗin tauraron ɗan adam in ta nan za ka fita, kuma transimita, wato na'urar watsa shiri, ba ta san an ɗauke wuta ba, ita dai a ba ta. Mu da ke Bauchi da Gombe mun san zafin watan Maris da Afrilu, situdiyo ba ya zaunuwa sai da esi, na'urori ma kansu in suka ɗau zafi sai su fara tsaye-tsaye. Ka rubuta jimillar wata ɗaya a takarda, ka ninka sau ashirin da huɗu, in ba ka da wannan kuɗin a ajiye daban bayan na sayen kaya to gaskiya lokacinka bai yi ba. Sola kuma ka sa ta cikin jarin farko, kar ka ce sai an fara samun riba.

A wurinmu abin da ya fara nuna mana an shiga uku shi ne jarka. Da farko tanka ce ke zuwa ta cika mana tanki, daga baya aka koma duro, ƙarshe sai ga masinja yana tafiya a acaɓa da jarka biyu ana jiransa kafin labaran ƙarfe takwas. Akwai daren da mai karanta labarai tana tsakiyar rahoto janareta ya yi tari ya mutu, ta zauna cikin duhu da takardunta a hannu ta kasa tashi, mu kuma muna haska ta da fitilar waya, a lokacin wata uku kenan ba a biya kowa ba.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Ka yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan ka nemi lasisi a NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa da doka ta 38 a 1992 zamanin Babangida, ita ce ma dokar da ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar mallakar rediyo da talabijin, shi ya sa aka samu irin su AIT a 1996. Lasisin shekara biyar yake yi a sabunta, kuma akwai kason da za ka riƙa biyan hukumar daga kuɗin shigarka. Kar ka bari ya taru. A watan Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya kai naira biliyan 2.6, har da manya irin su AIT da Silverbird, daga baya dai aka dakatar da matakin, amma ka ga in manya sun shiga wannan hali ina ga ƙarami.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, kar ka gina gidanka a kan abin da ba naka ba. Duk wanda ya yi zaman gidan kallon ƙwallo a 2007 ya san HiTV, kamfanin talabijin na dikoda da ake biya duk wata. Wani lauya ne Toyin Subair ya kafa shi a Legas, ya je ya sayo izinin nuna gasar Firimiya ta Ingila a Najeriya ya ƙwace shi daga hannun DStv, kuɗin watansa kuma bai kai na DStv ba, nan da nan masu gidajen kallo daga Yelwa har Muda Lawal kowa ya nemi dikodarsa, mutane suna alfahari wai ga namu na gida ya kayar da na Afirka ta Kudu. To amma me mutane suke biya dominsa? Ƙwallo kawai. Da aka zo sabunta yarjejeniya a 2010 farashin ya yi sama, izinin ya koma hannun SuperSport na DStv, masu kallo suka bi ƙwallonsu kamar yadda suka zo, ga bashin banki a wuya har GTBank ya kai su kotu, zuwa 2011 HiTV ya rufe. Shekara huɗu kacal. Kuma ba shi kaɗai ba ne, GTV da ya yi ta nuna Firimiya a wasu ƙasashen Afirka ya durƙushe a farkon 2009, Kwesé TV na attajirin Zimbabwe Strive Masiyiwa shi ma ya rufe a 2019 duk da ƙarfin mai shi.

Abin da ya haɗa su duka, suna sayen kaya da dala suna sayarwa da kuɗin gida. Lokacin da HiTV ya fara dala ba ta kai naira 130 ba, a 2024 ta haura 1,500. Saboda haka duk yarjejeniyar da za ka sa wa hannu ka duba da wane kuɗi za ka biya, in dala ce ka rage ta iya yadda za ka iya, kuma kar ka ci bashin banki mai ruwa na gajeren zango ka zuba a harkar da sai ta shekara biyar kafin ta fara mayarwa.

Mafita ita ce ka yi shirye-shiryen da kai ka mallake su. Arewa24 da ta fara a 2014 ai da wasannin kwaikwayonta na Hausa ta kama mutane, wanda in kana son gani dole ka zo wurinta. Kai ma kana da abin da wani a Legas ba shi da shi, farashin hatsi da na dabbobi a kasuwannin ƙauye duk mako, hawan sallah, tafsirin azumi, wasannin ƙwallon Wikki Tourists da Gombe United, Yankari, manoma da masu kiwo da matsalar ruwa a unguwanni. Kyamara biyu da matasa masu kishi sun isa, kuma duk abin da ka ɗauka ka ajiye shi da kyau ka riƙa sa shi a YouTube da Facebook, don yanzu da yawa cikin masu kallonka a waya suke. Ni da za a bi tawa ma, a fara a intanet shekara guda a ga ko akwai masu kallo kafin a je neman lasisi.

Sai kuɗin shiga. Kasuwar talla a nan ƙarama ce, manyan kamfanoni daga Legas suke raba tallarsu kuma biyansu yana ɗaukar watanni, don haka ka bi ƙananan 'yan kasuwa, masu makarantu, masu sayar da taki, masu shagunan waya, ka yi musu farashi mai sauƙi amma a biya kafin a sa. Wannan dokar kar ka karya ta ko don surukinka. Mu abin da ya ƙarasa mu kenan, kakar zaɓe ta zo kuɗi suka shigo kamar ruwa, oga ya ƙaro ma'aikata ya sayo motoci, aka yi ta sa tallar 'yan siyasa a kan bashi wai ai manya ne za su biya, zaɓe ya wuce wanda ya faɗi ya kashe waya wanda ya ci kuma ganinsa ya gagara. Kar mai talla ɗaya, ko gwamnati ce, ya zama shi ne ke riƙe da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kake samu.

Ka raba aljihunka da asusun kamfani, ka ɗauki akanta na gaske ba ɗan ɗakinka ba, in akwai masu hannun jari a rubuta komai gaban lauya tun ana dariya. Ma'aikata kuma goma da za ka iya biya ran talatin ga wata sun fi arba'in da za ka riƙa ba haƙuri, don wanda ake bin sa kuɗin haya shi ne zai fara karɓar na goro a wurin taro, daga nan mutuncin tashar ya tafi.

In kuma duk da haka ka ga wata uku a jere kana cin bashi don biyan albashi, ka tara mutanenka ka gaya musu gaskiya, ka rage awannin watsa shiri, ka sayar da abin da ba dole ba ka sallami kowa da haƙƙinsa tun kayan suna da daraja. Namu an bar su a kulle fiye da shekara, da aka buɗe ƙura da ɓera sun gama da su, cikinmu akwai waɗanda har yau ba su ga sisinsu ba.

Ƙanen abokin nan nawa dai na ce ya je gidan mai ya tambayo farashin litar gas, ya samu injiniya ya gaya masa lita nawa janaretan da suke so zai sha a awa ɗaya, ya kawo min a rubuce ranar Juma'a bayan masallaci mu zauna da maigidan nasa.