Yadda Ake Ajiye Littafin Zanen Itatuwa, Daga Damina Zuwa Bazara

Wanda ya taɓa lura da gawo ya san halinsa. Da damina, lokacin da ko'ina ya yi kore shar, shi sai ya kakkaɓe ganye ya tsaya fayau; rani na kamawa ya tofo, dabbobi su sami inuwa da abin ci. Da yawanmu a Kebbi mun yi wasa a gindinsa ba mu taɓa kula ba. Littafin zane ne ya koya mini kula, kuma ba sai ka iya zane ba kafin ka fara.

Kayan aiki kaɗan ne: littafi mai farar takarda marar layi, fensir, reza ta fiƙe shi, da leda saboda ruwa. Ka bar biro, tawada ba ta shiri da damina.

Sai zaɓen icce, kuma nan aikin yake. Kada ka wuce uku, su kasance kusa da gida, a hanyar da kake bi kullum. Ba na ba kowa shawarar shiga daji a wannan zamani. Zaɓi masu hali daban-daban: gawo, kuka, sai ɗorawa ko kaɗanya idan kana wajen Zuru, ko giginya idan kana kusa da fadamar Argungu. In a gonar wani yake, ka yi sallama: "Baba, ina neman izini in riƙa zuwa ina zana kukar nan." Sau da yawa shi zai gaya maka abin da ba ka sani ba game da ita. Rubuta shi nan take.

Ranar farko ka tsaya nesa, ka zana siffar iccen gaba ɗaya, ka shaida wurin da ka tsaya da dutse, don nan za ka riƙa komawa. Sannan ka matso. Zana ganye guda, ka ƙirga: na tsohuwar kuka yakan rabu biyar zuwa bakwai kamar yatsu. Ɗora takarda a jikin ɓawo ka goga fensir a kwance, zanensa zai fito da kansa.

A saman kowane shafi ka sa kwanan wata, amma na boko, domin watan Musulunci yana ja baya da kimanin kwana 11 duk shekara, ba zai daidaita da damina ba. Ƙara layi ɗaya kan yanayi: an yi ruwa jiya, ko hazo ya rufe gari.

Ka koma duk mako biyu. Wannan komawar ita ce komai. Ta haka za ka kama ɗorawa ta saki jan furenta mai kama da tuntu kafin ruwa ya sauka, ka ga kuka ta tofo a ƙarshen bazara. Farin furen kuka da magariba yake buɗewa, jemagu su zo masa da dare, washegari ya fara yaushi, don haka ka je da tocila.

Ƙananan tsirrai irin su tafasa da yaɗiya, matsa su cikin tsohuwar jarida ƙarƙashin abu mai nauyi, su bushe sarai kafin ka liƙa. Tumfafiya kuwa zana ta kawai, nononta na cutar da ido. Littafin kuma a akwatin ƙarfe za ka ajiye shi, gara ba ta raga wa takarda.