In masu aikin mai sun kafa turaku a gonarka

Rijiyoyin mai can Agadem suke a jihar Diffa, amma mu ma nan Maradi abin ya shafe mu, tunda bututun da ke kai ɗanyen mai har Seme ta ƙasar Benin, kusan kilomita 2000, ya ratsa ta jiharmu. To ɗan uwa manomi, shiri tun katafila ba ta iso ba ake yin shi.

Ka fara da takarda. Yawancinmu gonar gado ce, shaidarmu kawai "kowa ya sani ta kakana ce", amma ranar biyan diyya takarda ake tambaya. Ka je wajen maigari da 'yan kofo na garinku, hukumar nan ta filaye da dokar karkara ta 1993 ta kawo, a kira maƙwabtan gona a taka iyaka a ba ka takardar shaida. In aro ne ko jingina a rubuta shi ma, don mai gona daban mai shuka daban, kowa da asararsa.

Ranar awo kar ka aika yaro, ka je da kanka da shaidu biyu, ka ɗauki hoto da waya. Ka ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya, gao, kuka, aduwa, magarya, har ƙananan da ka yi renonsu da sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona. Wallahi wannan ne ya fi damuna, gao guda shekara nawa kafin ya yi inuwa, dubi hatsin da ke ƙarƙashinsa yadda yake fin na sarari tsawo da kauri, ga 'ya'yan da awaki ke ci da rani, amma sai mutum ya manta da shi yana lissafin eka kawai. Ka faɗi dame nawa gonar ke ba ka, da wake da gujiya ko aya.

Sai maganar ƙasa. Ka nemi a tara ƙasar sama gefe guda a maido ta a sama in an rufe rami, don in jar ƙasar ciki ta hau kai hatsi tsumburewa yake yi. Inda manyan motoci suka taka kuma ƙasa daskarewa take, ruwa ya kwanta bai shiga ba, sai an kafce an zuba taki an yi tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa.

Kar ka dangwala hannu kan abin da ba a karanta maka da Hausa ba, kuma ka karɓi kwafinka. In ka ga mai ya tsiyaya ko ruwan rijiya ya canza wari, ka janye dabbobi da yara, kar a kunna wuta kusa, ka sanar da maigari da ma'aikatan muhalli a ranar.