Kurakuran da Muke Yi Wajen Bin Zaɓen 'Yan Majalisar Amurka: Misalin Jihar Minesota

Duk lokacin da zaɓen Amurka ya matso, sai hira ta kacame a majalisun shayi da shafukan Facebook, kuma sunan Ilhan Omar ba ya faɗuwa ƙasa. Ina jin daɗin yadda mutanenmu ke bibiya, amma akwai kurakuran da nake ji ana maimaitawa. Bari mu gyara su da jiharta ta Minesota.

Na farko, kiran ta Sanata. Ilhan 'yar Majalisar Wakilai ce, mai kujeru 435, inda ake sake zaɓen kowa duk shekara biyu. Majalisar Dattawa kuwa kujeru 100 ne, biyu ga kowace jiha, wa'adin shekara shida. Kuma ba jihar gaba ɗaya take wakilta ba. Minesota na da mazaɓu takwas, tata ita ce ta 5, wato birnin Miniyapolis da wasu garuruwan kewaye. Kafin ka yi sharhi, fara tambayar lambar mazaɓa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a zuba ido ga babban zaɓen watan Nuwamba kaɗai. A mazaɓa ta 5, jam'iyyar Dimokurat ke riƙe da kujerar tun 1963. Kafin Ilhan, Keith Ellison ne a kai, Musulmi na farko da ya shiga majalisar, a 2007. Don haka idan ta lashe babban zaɓe da rata mai yawa, ba wani abin mamaki ya faru ba. Inda ake gumurzu shi ne zaɓen fid da gwani na watan Agusta. A 2022 Don Samuels, ɗan jam'iyyarta, ya kusa kayar da ita, da ratar kusan kashi biyu cikin ɗari kacal ta tsira. Da suka sake karawa a 2024 sai ta ba shi tazara. Wanda ya jira Nuwamba ya zo kallon dambe bayan an tashi. Haka aka yi a Niyok a 2018, inda Alexandria Ocasio-Cortez ta kayar da Joe Crowley, jigo a jam'iyyar, tun a fid da gwani.

Daga nan sai wani ruɗanin. Da yawa muna ɗaukar fid da gwaninsu kamar wanda muka saba gani, a tara daliget a zaure su fitar da ɗan takara. A Minesota ma ana yin taron daliget, jam'iyya ta ce ga wanda take goyon baya, amma wannan ba shi ne tikiti ba. Wanda bai samu goyon bayan ba yana da damar tsayawa, talakawa su raba gardama da ƙuri'a, kuma hukumomin gwamnati ne ke gudanar da zaɓen. Mai zaɓe a jihar ba ya rajista da sunan jam'iyya. Sharaɗi ɗaya ne: a takardar, ya tsaya a layin jam'iyya guda, in ya tsallaka nan da can ƙuri'arsa ta 'yan takarar jam'iyyu ta lalace.

Kada kuma a ɗauki wannan a shafa wa sauran jihohi. Niyok da Fulorida sai mai rajistar jam'iyya ke shiga fid da gwaninta. A Kalifoniya kowa da kowa takarda ɗaya ake sa su, biyun farko su wuce, ko da 'yan jam'iyya ɗaya ne. A Teksas da Jojiya, in babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, sai an je zagaye na biyu.

Wasu kuma sukan ce Minesota ai ta Dimokurat ce, tunda rabon da ɗan takarar shugaban ƙasa na Rifablikan ya ci jihar tun 1972. Amma a zaɓukan 2020 da 2022 da 2024, huɗu-huɗu aka raba kujerun wakilanta. Birane biyu, Miniyapolis da Sen Pol, da kewayensu na Dimokurat ne, karkara kuwa ta juya. Mazaɓa ta 7 ta manoma ce, Collin Peterson na Dimokurat ya shekara 30 a kanta, Michelle Fischbach ta karɓe a 2020. Ta 8, yankin masu haƙar tama a arewa, Pete Stauber ya kai wa Rifablikan ita a 2018.

A ƙarshe, iyakar mazaɓa ba dutse ba ce. Bayan kowace ƙidayar jama'a, duk shekara goma, ana sake rabon kujeru da zana taswira. A ta 2020 saura ƙiris Minesota ta koma bakwai: da Niyok ta samu ƙarin mutum 89, da ita ce ta ɗauke kujerar. Taswirar da aka fara aiki da ita a 2022 kuwa alƙalai biyar ne suka zana ta, saboda majalisar jihar ta kasa daidaitawa. Saboda haka in za ka kwatanta sakamakon 2018 da na 2022, duba ko garuruwan da ke cikin mazaɓar su ne dai har yanzu.