Yadda ake kaurara sabulun ruwa da gishiri ba tare da ya tsinke ba

Kukan da masu haɗa sabulun ruwa suka fi yi a Jos ɗaya ne: an zuba gishiri ya yi kauri, an ƙara kaɗan don ya ƙara kyau, sai ya koma tsararo. Daga nan sai a ce mai shago a kasuwar Terminus ya sayar da Texapon (sinadarin wankin da ake haɗa sabulun da shi) marar kyau. Sau da yawa kuwa kayan lafiyarsu ƙalau, gishirin ne ya wuce iyaka, kuma ke da kanki za ki iya gano wannan iyaka.

Kowace ƙwayar sinadarin wanki, Texapon ko SLS, tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo. Kawunan suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, don haka suna ture juna. Gishiri idan ya narke yana rage wannan turereniya, sai ƙwayoyin su matsu da juna a saman ruwan, su kuma fara dunƙulewa tun suna kaɗan. SLS a ruwa zalla sai ya kai wajen giram 2.3 a lita kafin ya fara dunƙulewa, amma da gishiri giram 6 a litar, rabin giram ma ya isa. Idan gishirin ya ƙaru, dunƙulen sai su miƙe su zama dogayen zare masu sarƙewa kamar dafaffiyar taliya. Kaurin ke nan. In aka zarce, zaren ya yi rassa, sarƙewar ta saki, sabulu ya tsinke.

To ga gwajin. Ki gama haɗinki tukuna, har turare da kala, domin turare kansa yakan sauya kauri. Ki auna gishiri giram 20, ki narkar, ki cika ruwan ya kai mililita 100. Kada ki zuba busasshen gishiri kai tsaye. Yakan kwanta a ƙasa, ki ɗauka bai isa ba ki ƙara.

Ki jera kofuna shida, kowanne da sabulu mililita 200. Na farko ki bar shi haka. Da sirinji ki sa mililita 5 na ruwan gishirin a na biyu, 10 a na uku, haka har 25 a na shida. Kowane mililita 5 gishiri giram ɗaya ne. Ki juya a hankali don kada ya yi kumfa, ki rufe, ki bar su su kwana.

Da safe ki ɗebi kowanne da cokali ki tsiyaya. Za ki ga wani yana zuba shar, wani yana jan zare kafin ya yanke. Ki lura da kofin da ya fi kauri, amma ki ɗauki ma'aunin wanda ke kafinsa. Wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe, don wadda ta tsaya a ƙololuwa, kuskuren cokali ɗaya zai zubar mata da jarin bokiti guda. Sai ki lissafa: in giram 3 ne a mililita 200, lita 20 za ta ci giram 300.

Sabulun da ya riga ya tsinke kada a zubar. A haɗa wani marar gishiri a riƙa sirkawa har kaurin ya dawo.

Sannan sanyin Jos yana da nasa hukunci. A Disamba da Janairu sabulu mai gishiri da yawa yakan yi dishi-dishi cikin dare, wani ma ya yi gudaji a gindin jarka. Ma'aunin da kika samu a watan Maris ki sake gwada shi idan hunturu ya shigo, haka ma duk ranar da kika koma ruwan rijiya daga na famfo.