Yadda ake zaɓar filet ɗin kuloci in za ka sa fulawil mara nauyi

Wannan maganar ta fara yawa a garejinmu nan gefen Ringim tun da yaran nan masu Golf 4 da Passat suka gano cewa fulawil (faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke bayan inji, wanda filet ɗin kuloci ke kwanciya a kai) ɗin da yawancin motocin ke zuwa da shi, wato mai ɓari biyu, in ya mutu kuɗinsa sai ka riƙe baki. Sai mutum ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya dawo da dunƙulalle, wato mai ɓari ɗaya, wani ma mara nauyi zai ɗauko don an ce masa mota za ta riƙa tashi kamar an harba ta, ya dire min a gaba ya ce Oga ɗaura. In na ce filet fa, sai ya ce ai na ciki da sauransa. To daga nan ɓarnar take farawa.

Ba zan tsaya koyar da sauke giyabos ba, wanda bai iya wannan ba ya koma wajen ogansa tukuna.

Da farko ka tabbatar wane fulawil ne ka cire. Ka dafe haƙoran da kik yake kamawa da hannu ɗaya, ka murɗa fuskar da filet yake kwanciya a kai da ɗayan. In fuskar ta ɗan juya ita kaɗai ta dawo, mai ɓari biyu ne, akwai dogayen sifirin a ɓoye a cikinsa. Kamfanin LuK na Jamus ne ya fito da shi a 1985. Yanzu ka duba filet ɗin da ya fito tare da shi, galibi za ka ga tsakiyarsa a sandare, ba sifirin ɗin nan huɗu ko shida da muka saba gani a na 504 ko Hiace. Ba rowa Bature ya yi ba, aikin sifirin ɗin ne aka mayar cikin fulawil.

Inji ba ya juyawa sumul yadda kunne ke ji. Mai fistin huɗu sau biyu yake buguwa a kowane zagaye na karanshaf, ya fizga ya saki, ya fizga ya saki. Nauyin fulawil ne yake danne wannan fizgar, abin da ya rage sifirin ya shanye kafin ya isa giyabos. To kai ka rage nauyin, daga wajen kilo 9 ko 10 ka koma 6, fizgar ta ƙaru ke nan, sannan kuma ka ɗora filet mara sifirin, wa ka bar wa dukan? Haƙoran giya. Ni dokata ɗaya ce kuma ba na jayayya a kanta: dunƙulallen fulawil, mai nauyi ne ko mara nauyi, filet mai sifirin. Mai ɓari biyu, irin filet ɗin da kamfani ya haɗo shi da shi.

Ba a littafi na koyi wannan ba, aljihuna ne ya koya min. Akwai wani direba, maƙwabcina ne ma, duk Alhamis yana lodin Maigatari, buhunan riɗi a but, fasinja a cushe, wani lokacin har da awaki. Ya kawo fulawil mara nauyi ɗan Beljiyam, filet ɗinsa na da kuwa sandararre ne amma fatarsa da kauri, ya yi ta roƙo wai Malam ka rufa min asiri gobe kasuwa, ni kuma na ga ya shiga sandar giyabos daidai sai na ɗaura. Muna tayar da mota tana silo sai muka ji kacau-kacau-kacau kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana girgizawa. Ya taka kuloci ƙarar ta ɗauke ɗif, ya saki ta dawo. Wannan ita ce alamar, ku riƙe ta, in taka kuloci yana kashe ƙarar to giyoyin ciki ne ke karo da juna, ba inji ba ne. Na ce masa za ta zauna. Ba ta zauna ba. In zai tashi da lodi sai motar ta yi ta tsalle kamar jakin da ƙuda ya ciza, in ya sassauta totur kaɗan ta mutu, a yashin hanyar ƙauyensu kuwa sai yara sun tura. Ba a rufa wata huɗu ba aka jawo min ita da igiya, haƙoran tsakiyar filet sun cinye, na sandar giyabos ma sun yi kaifi kamar na zarto. Rabin kuɗin giyabos ni na biya, don ni ne babba, ni ya kamata in ce a'a.

Sandararre ba kayan banza ba ne fa. Na masu tsere ne, ya fi sauƙin nauyi shi ya sa giya ke saurin shiga, kuma babu sifirin da zai ɓalle ya faɗa cikin diski, wato murfin da ke danne filet a kan fulawil, in ana ba mota wuta ana sakin kuloci da ƙarfi. Amma su a kwalta suke, ba lodi, kuma suna sauke giyabos kamar yadda muke canza baƙin mai. Kai da kake bin burji da kwazazzabai daga Gujungu zuwa gida, me ya haɗa ka da shi. Gaskiya ma in ta ni ce, motar haya ba ta da buƙatar fulawil mara nauyi sam, ka nemi dunƙulalle mai cikakken nauyi ka huta, don mara nauyi ko da filet mai sifirin ɗin sai ka ɗan ji ƙara a silo, musamman in dizal ce. Kuma don Allah a daina kai fulawil wajen masu fiƙe ƙarfe a rage masa nauyi da ka, in ya tsage yana gudu ƙafarka ce a kusa da shi.

Wajen saye, ka tafi da tsohon filet a leda. Ka ƙirga haƙoran tsakiyarsa, ka gwada faɗinsa, haɗin da aka fi yi wa waɗannan motocin shi ne mai milimita 228, kuma in da hali ka sayi fulawil da filet da diski a matsayin saiti ɗaya, Sachs ko LuK ko Valeo, ba ka tsinto kowanne a shago daban ba don ragin dubu biyu da kuɗin mota zai cinye. Ka girgiza filet ɗin a kunne, in sifirin na rawa sosai a gidansa mayar musu.

Kafin ka ɗaure komai, ɗora filet a kan fulawil a ƙasa ka juya shi da hannu. Mai sifirin yana da tozo a tsakiya, dole ka tabbatar ba ya gogar kan notinan fulawil. Tozon yawanci ɓangaren giyabos yake kallo, a kayan Jamus za ka ga an rubuta Getriebeseite a wannan fuskar. Yarona ya taɓa juya shi, muka gama haɗa komai giya ta ƙi shiga, muka sake saukewa har bayan isha'i da fitilar waya.

Sauran kun sani. Notinan fulawil sababbi, na VW miƙewa suke in an ɗaure su sau ɗaya. In oyil sil na baya yana tsatsafo canza shi yanzu. Saita filet a tsakiya da tsohuwar sandar giya, giris ɗan kaɗan a haƙora kar ya fallatsa kan fata, rilis biyarin sabo, notinan diski a bi su kaɗan-kaɗan ana tsallakawa. Sannan ka gaya wa direba ya lallaɓa ta kamar kilomita 500 na farko ba lodi mai nauyi, duk da na san ranar Juma'a za ka hango shi a hanyar Wudil but a buɗe an ɗaure da igiya.