Yadda Ake Ɗaukar Riƙon Mage ko Karen da Aka Tsinta a Akra

Wanda yake zaune a gidan haya a Nima, Mamobi ko Sabon Zango ya kamata ya fara neman yardar maigida da maƙwabtan da suke tarayya a tsakar gida ɗaya kafin ya kawo kowace dabba, domin wadda aka shigo da ita ba tare da shawara ba, sau da yawa bakin kwata take komawa. Mage ba ta cika jawo gardama ba, tunda ba a ɗauke ta najasa ba, kuma kowa yana son a rage masa ɓeraye. Kare kuwa sai an yi nazari. Malamai sun halatta ajiye shi don gadi, farauta ko kiwo, saboda haka yana buƙatar wurinsa daban mai inuwa, nesa da inda ake alwala da salla, da kwanonsa da ba ya haɗuwa da na mutane.

Idan an daidaita, a tambayi wanda ya tsinci dabbar ko yake riƙe da ita inda ya same ta, abin da take ci, da kuma ko ta taɓa cizon wani. 'Yar kyanwa ko ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba a bar shi wurin uwarsa in tana nan. A ganina babbar mage ta fi sauƙin riƙo ga mai fita aiki tun asuba, ko da yake yara sun fi son ƙanana.

Kafin ta saba da gida, a kai ta wurin likitan dabbobi, kamar asibitin dabbobi na gwamnati da ke unguwar La. A saka mage cikin kwali mai 'yan ramuka, kada a rungume ta a mota, don ƙarar hon ɗaya ta isa ta sa ta yi yakushi ta tsere. Likita zai ba da maganin tsutsar ciki, ya duba ƙuma da kaska, sannan ya yi allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake farawa daga wata 3 kuma a riƙa sabuntawa. Wannan allura ba abin sakaci ba ce ko ga mage, domin da zarar alamomin ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya wuce asibiti a ranar. A kuma nemi likitan dabbobi ya yi wa dabbar aikin hana haihuwa, in ba a shirya riƙon 'ya'yanta ba.

A gida, a tsare mage a ɗaki ɗaya kamar mako 2, tare da ruwa, abinci da tsohuwar roba mai yashi don bayan gida. Za ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa. A ƙyale ta, a hana yara jawo ta, da kanta za ta leƙo idan ta ji ƙanshin kifi. Abincinta kifi ne ko nama dafaffe marar yaji, domin tuwo da romo kaɗai ba sa riƙe mage. Albasa da tafarnuwa suna cutar da mage da kare duka, dafaffen ƙashin kaza yana iya huda hanji, farasitamol kuma yana kashe mage ko da ƙwaya ɗaya ce, don haka kada a ba ta maganin mutane sai da umarnin likita.